Makullan Sista

A asibitin babu wanda yake kiranta da sunan yanka. Sista Makulli ake ce mata, a gaban idonta ma, kuma ba ta taɓa jin haushi ba, don a ganinta yabo ne. Tun daga farkon baranda ake jin tahowarta. Tarin makullai ne ɗaure da igiyar bandeji a ƙugunta, suna kacau-kacau. Da an ji su sai hira ta mutu, na zaune su miƙe, mai abu a baki ta haɗiye ko bai taunu ba.

Gadon abin ta yi. Ubanta mai tsaron sito ne a wani kamfani, mutumin da yake kwana da makulli a ƙarƙashin matashi, har ya mutu bai yarda da kowa ba, har da uwarta. Ita ce 'yarsa ta fari, ita ta kwaso shi kaf. Da ta gama sakandare ta shiga makarantar koyon aikin jinya, ta fito da sakamako mai kyau, aka kai ta ɗakin mata masu tiyata. Nan ta shiga tana budurwa, nan furfura ta same ta, ta zama ita ce babbar ɗakin.

Gaskiya dai a faɗe ta, ta iya aiki. Jijiyar da likita ya laluba ya rasa, ita da ta shafa hannun sau ɗaya allura ta shige. Ciwon da ya fara lalacewa, tun daga ƙofa take jinsa a hanci kafin a kwance bandeji. Amma in za ta sa wa majinyaciya ƙarin ruwa, sai ta juya wa ɗalibai baya ta tare gadon da faɗin jikinta, kuma Allah ya ba ta faɗin. In wata ta leƙo sai ta ce, "Me kike leƙe? Fim ake yi?" Injin zuƙe ruwa na ɗakin ya tsufa, ba ya tashi sai an buge shi da ƙafa a wani waje, kuma ita kaɗai ta san wajen. Ta san wane soket ne mai wuta. Ta san wa ake gaisarwa a babban sito in ana son auduga ta fito da wuri. Ko ɗaya ba ta taɓa gaya wa kowa ba. In za ta tashi daga aiki sai ta jera abin da ta ga dama a kan tire, ta ce ya isa, ta kulle sauran ta tafi. In bai isa ba sai an aika gidanta, ta bar ɗan aiken a rana, ta zo da ƙafarta ta buɗe kabad, ta zazzage kowa, ta kulle ta koma.

Abu ɗaya take so a duniya. Asibitin yana da yarjejeniya da wani babban asibiti a ƙasar waje. Lokaci-lokaci akan ɗauki babbar nas guda a tura ta can ta yi 'yan watanni tana koyon shugabancin ma'aikatan jinya, ta dawo da takardar shaida da hotonta a cikin dusar ƙanƙara. Wadda duk ta je ta dawo, sama take yi. Karon farko da aka ambaci sunan Sista Makulli, ba ta jira an yanke ba, ta tafi wajen masu gwanjo ta sayi rigar sanyi mai kauri, ruwan toka, mai manyan maɓallai har gwiwa. Ta kai aka wanke, ta zuba ƙwayoyin kafur a aljihunta, ta rataye a durowa. Ta yi fasfo.

Sai shugabanni suka zauna suka ce, "Sista, in kin tafi wa zai riƙe ɗakin?" Aka tura wata. Ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwa, amma can ƙasan ranta wani ɗan daɗi take ji, ai ga shi da bakinsu sun ce ba a iyawa sai da ita. Da aka sake zama aka sake faɗar maganar. Haka aka yi ta yi, fasfo yana mutuwa tana sabuntawa, kafur yana narkewa tana ƙarawa.

Cikin waɗanda aka tura har da wata siririya da ta yi ɗalibta a hannunta, wadda ta laƙa wa suna Hannun Katako, ta sha sa ta kuka a bayan labule. Hannun Katako ta nemi canjin ɗaki, ta je kwas ɗin ta dawo, ta yi ta hawa har ta zama Metiron, wato shugabar duk nas-nas ɗin asibitin. Yanzu Sista Makulli ce take tsayawa a ofishinta ta ce "ranki ya daɗe" kamar ana zare mata haƙori.

Ana nan ritaya ta matso. Ba a tura wadda aikinta ya kusa ƙarewa, saboda haka kowa ya san in wannan karon ya wuce ta, ya wuce har abada. Metiron ta kira ta.

"Zauna, Sista."

"Na fi jin daɗin tsayuwa, ranki ya daɗe."

"To tsaya. Sunanki ne a gaba, ba ni da ja a kan haka. Amma mutanen can sun ce ba sa son a turo musu wadda ba ta bar kowa a bayanta ba. Abin da za a koya ke nan ma, yadda babba zai yi renon na ƙasa da shi. Cikin shekarun nan duka, wa kika rena?"

Sista Makulli ta dube ta sama da ƙasa. "Ke."

"Ni gudu na yi," in ji Metiron, ba ta ko yi murmushi ba. "Ga yadda za a yi. Ki ba Tabarau makullai, ki ɗauki hutun mako guda, kada ƙafarki ta tako ɗakin. In ɗakin ya tsaya, zan sa hannu ki tafi. In ya faɗi, kina nan. Gurbin kuma ba zan bari ya lalace ba, sai na cike shi."

Tabarau ita ce mataimakiyarta, mace mai 'ya'ya manya, wadda ta daɗe a ɗakin har ta daina kuka ta koma rama magana. Gilashi mai kauri take sawa, shi ya jawo mata sunan. Ita ma takan sa sunanta a neman kwas ɗin duk lokacin da aka buɗe, kamar yadda kowa yake yi, don kada a ce ba ta nema ba. Tsakaninta da Sista Makulli ko gaisuwa sai dai a cilla wa juna.

Ranar miƙa makullai, Sista Makulli ta daɗe tana kwance igiyar, sai ka ce cibiya take yankewa. Ta dangwarar da su a tebur. Tabarau ta ɗaga tarin ta jijjiga.

"Anti, wanne ne na wanne?"

"Ba ido huɗu gare ki ba? Ki duba."

"Injin zuƙe ruwa fa, ina ake bugunsa?"

"Ki tambaye shi."

Tabarau ta cire gilashin ta goge da gefen riga ta mayar. "Anti, bari ki ji. Wallahi ko da haƙori ne sai na riƙe ɗakin nan. Ba don ina ƙaunarki ba. In dai za ki hau jirgi ki ba mu iska na 'yan watanni, ni zan kai miki jaka har filin jirgi, a ka."

"Kafin jibi za ki turo a kira ni, kina kuka."

"Allah ya kai mu jibin."

A gida, mijinta Malam ne ya sha wahalar hutun. Tsohon malamin firamare ne, mai sanyin hali, wanda ya daɗe da sanin cewa a gidansa ma sai ya nemi izini kafin ya ga sukari, don siton gidan a kulle yake. 'Ya'yansu duk sun yi aure da wuri sun yi nisa, kuma babu wanda ya tambaye su dalili. Shi ma Sista yake ce mata.

Ta wanke labulayen da ba su yi datti ba. Ta sauke tukwane ta sake jera su. Ta fito da rigar sanyin ta shanya a igiya, warin kafur ya cika tsakar gida har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu aka fesa. Duk inda ta nufa wayarta tana hannu. Ta duba caji, ta duba ko a kashe take, ta ce wa Malam ya kira ta ta gani ko tana shiga. Ya kira, ta shiga.

"Lafiyar wayar ƙalau," in ji shi. "Su ne ba su neme ki ba."

"Suna jin kunya ne. Yanzu haka ɗakin ya zama kasuwa."

Malam ya ajiye kofin shayinsa. "Ni fa ban gane ba, Sista. So kike ta iya ko so kike ta kasa?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"In ta kasa ba ki da tafiya. Kamata ya yi ki riƙa yi mata addu'a."

"Sha shayinka, Malam."

"Babu sukari."

Jibin ya zo ya wuce, wayar shiru. Abin da ba ta iya haɗiyewa shi ne ba wanda ya zo ƙofar gidan ya tsaya a rana. Da makon ya kusa ƙarewa ta kasa daurewa. Lokacin dubiya na yamma, ta sa kayan gida, ta yafa mayafi, ta sayi lemo a leda, ta bi ayarin 'yan dubiya ta shiga. A cewarta ai ba a matsayin ma'aikaciya ta zo ba, kowa yana da ikon duba mara lafiya. Babu kacau-kacau a ƙugunta, babu farin kaya, ba wanda ya ɗaga kai.

Ɗakin yana nan daram. Gadaje a jere, ledojin ƙarin ruwa suna ɗiga, tagogi a buɗe. Daga can ƙurya ta ji injin zuƙe ruwa yana aiki lafiya lau, ba tari ba kakari. Ashe Tabarau mai gyara ta kira daga sashen injina, ya ɗaure wata waya da ta saki, ya tafi. Ƙafar da Sista Makulli ta yi shekaru tana ɓoyon inda take bugawa ta tashi a banza.

Sai idonta ya faɗa kan makullai. An raba su. An manna wa kowanne filasta an rubuta abin da yake buɗewa. Na zannuwan gado yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ofis, kowa ya ɗauka ya mayar. Na auduga da bandeji yana wuyan wadda take kan aiki. Na kabad ɗin magunguna masu haɗari ne kaɗai a jikin Tabarau. Sista Makulli ta ji kamar kayan cikinta aka shanya a bainar jama'a.

Ga Tabarau can a bakin wani gado, ta sa ƙananan nas biyu a gaba, ta kama yatsan ɗaya ta ɗora a hannun majinyaciya tana cewa, "Kin ji ta? Tana gudu, ki danne ta nan. Yawwa. Shiga." Allura ta shiga. Yarinyar ta yi dariya. A ɗakinta ake dariya.

Wata dattijuwa mai jinyar 'yarta ta matsa mata a benci. "Zauna, baiwar Allah. Taki tana ina?"

"Can," in ji Sista Makulli, ta nuna ko'ina.

"Ai kin yi sa'a. Da makon jiya kika kawo ta, da kin haɗu da masifaffiyar nan mai makulli. An ce ƙasar waje za a tura ta. Allah ya sa su riƙe ta can."

Sai ga Tabarau ta iso tana cire safar hannu. Ta gane ta tun daga nesa, gilashin nan ba na ado ba ne.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Wa aka zo dubawa?"

"Kin raba mini makullai."

"Na raba makullan asibiti. Lokacin dubiya ya kusa ƙarewa, a yi haƙuri a fara haramar fita." Sai ta rage murya. "Anti, ki tafi gida. Saura ƙiris ki samu abin da kike so, mu ma mu samu namu. Ban gan ki ba, ba ki gan ni ba."

Da ta bi wannan shawara da yanzu wani labarin ake bayarwa. Amma idonta ya riga ya fara tsince-tsince, kuma ya samu, don babu ɗakin da ba a samu. Zanin gado ɗaya bai shimfiɗu daidai ba. An bar guga a hanya. Wata leda ta kusa ƙarewa ba a kawo madadinta ba tukuna. Auduga a kwandon shara ta fi yadda ita take bari a kashe. Ta ajiye ledar lemon a kan bencin ta fita, ba ƙofar waje ta nufa ba, ta haye bene.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Metiron tana zaune da biro a hannu, takardar tafiyar a gabanta, sunan Sista Makulli a sama da manyan baƙaƙe.

"Sista? Na ɗauka kina hutu."

"Wane hutu, ranki ya daɗe, ana kashe mini ɗaki? Ki sauka ki gani da idonki. Makulli a ƙusa kamar tsumma, kowane kare da doki ya ɗauka. Auduga ana zubarwa kamar a bishiya ake tsinkowa. Yara suna wasa da hannun marasa lafiya suna ƙyaƙyata dariya. Guga a tsakiyar hanya, sai wata ta karye. Shekara da shekaru ina gina ɗakin nan, 'yan kwanaki kaɗan an mai da shi tasha."

Metiron ta bar ta ta zazzage tas. Sannan ta ce, "Kullum ina zagayawa, da safe da yamma. Ni ban ga abin da ya faɗi ba. Yanzu ma hannu zan sa."

"Ai ke dama ba kya gani. Tun kina ɗaliba."

Metiron ta juya biron a tsakanin yatsun nan da aka taɓa kira katako.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, Sista, ki yi tunani kafin ki amsa. Ke ce babbar ɗakin, maganarki zan rubuta. Tabarau za ta iya riƙe shi in kin tafi, ko ba za ta iya ba?"

Sista Makulli ba wawiya ba ce. Ta ga ramin sarai, ta ga faɗinsa da zurfinsa. Ta san abin da za ta ce ta hau jirgi, kalmomi ne da ko yaro zai iya furtawa. Ta tuna rigar tana shanye a igiya. Ta buɗe baki. Sai ta hango a ranta makullin nan a ƙusa, da filasta a jikinsa, da yarinyar nan tana dariya, da mutanen da za su yi watanni suna buɗe kabad suna rufewa ba wanda ya tuna da ita.

"Ba za ta iya ba."

"Kin tabbata?"

"Ko kaji ba za ta iya riƙewa ba."

Metiron ta rufe biron. "Shi ke nan. Kin fi ni sanin ɗakinki. Tunda babu mai riƙe shi sai ke, ba zan raba ki da shi ba." Ta jawo takardar gefe. "Gurbin kuma na gaya miki ba zai lalace ba. Tabarau za ta tafi. A mako ɗaya na ga mutum biyu da ta koya wa sa allura, ta bar wasu a bayanta ke nan. Ɗaki kuma ga mai riƙe shi, ke."

"Wannan ramuwa ce."

"Da ramuwa nake so, da tuni na yi. Ja mini ƙofar in kin fita."

Da ta koma gida ta tarar da Malam a tsakar gida. Ya ga fuskarta, ya tashi ya kwashe rigar daga igiya don kada raɓa ta taɓa ta, ya miƙa mata. Ta fizge.

Ranar da ta koma aiki, Tabarau ta tattaro makullan ta zube mata a tebur. Sista Makulli ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɓare filastan da farce, ta zura su a sabuwar igiyar bandeji, ta ɗaure a ƙugu ta ƙulle tamau. Tabarau tana tsaye tana kallo.

"Anti, an ce kina da rigar sanyi. Ara mini mana, tunda tana zaune."

"Ki mutu da sanyi."

"To. Zan turo miki hoto."

Ta kuwa turo, tana tsaye cikin dusar ƙanƙara da wata jar riga, gilashinta ya yi hazo. Ƙananan nas suka manna shi a bangon ofis. Sista Makulli ta cire, suka sake mannawa, ta sake cirewa. Abin da ba ta iya cirewa ba shi ne yaran sun riga sun san wane makulli ne yake buɗe me, ko babu filasta. In ta juya baya ta tare gado, ba mai leƙe kuma, don sun iya.

Da ritayarta ta zo aka yi ɗan taro a ɗakin shan shayi, aka ba ta agogon bango, mutane suka yi tafi da ƙarfin da ya wuce na ladabi. Ta ƙi kwance igiyar a gaban jama'a, ta ce sai gobe. Tabarau, wadda ta dawo ta zama babbar ɗakin, ta ce babu komai, ta riƙe abinta, ai tun da safe aka kira kafinta ya canja kwaɗunan.

Tana nan da ranta, ta tsufa, ƙafa ta fara ba ta wahala. In ciwo ya kai ta asibitin, yaran da ba su san ta ba sukan ce, "Mama, kawo hannun," ita kuma ta gaya musu ba su iya ba tun kafin su taɓa ta. Rigar tana cikin durowa, durowar a kulle, makullin yana ƙugunta tare da sauran da ba sa buɗe komai. Malam kuwa ya daɗe da koyon shan shayi babu sukari.